Zambo da Yabo a kan Mata 'Yan Siyasa

Masu nazarin waƙar Hausa sun daɗe da rarrabe yabo da zambo da habaici. Suka ce yabo ɗaukakawa ne, zambo ƙasƙantarwa, habaici kuwa jifa ne a cikin duhu, wanda aka yi dominsa shi yake jin zafin dutsen. Wannan rabo daidai ne muddin namiji ake magana a kai. Amma idan aka tattara abin da aka faɗa game da matan da suka shiga siyasa a ƙasar Hausa da sauran Nijeriya, tun daga 1950 har zuwa 2025, a filin lacca da jarida da rediyo da zauren majalisa, sai a tarar yabon da zambon sun kama hanya biyu, sun je sun iske juna a wuri guda. Dukansu suna ɗauke hankalin mai sauraro daga abin da matar ta faɗa, su kai shi ƙofar ɗakinta. Abin da wannan takarda take so ta bincika ke nan.

Ya kamata a fara da halin da ake ciki sa'ad da siyasar jam'iyyu ta shigo Arewa, gama a can ne aka ƙera kalmomin da har yanzu ake jifa da su. An kafa NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa sosai, NPC, a 1951. NEPU ta sa ƙuri'ar mata cikin bukatunta. NPC ta ƙi, tana kafa hujja da addini da al'ada, Sardaunan Sakkwato kuwa, cikin littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1962, ya nuna a ganinsa lokacin abin bai yi ba tukuna. Saboda haka a zaɓen tarayya na Disamba 1959 matan Gabas da na Yamma da na Ikko suka jefa ƙuri'a, matan Arewa suna kallo. Ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ƙarƙashin mulkin soja, sa'an nan babban zaɓen 1979. Shekara ashirin da shida ke nan mace tana iya tara wa jam'iyya jama'a, ta rangaɗa guɗa, ta dafa abincin taro, ta sha sandar ɗan doka, har ta kwana a gidan kurkuku, alhali kuwa ba ta da ƙuri'a ko ɗaya.

To, waɗanne mata ne suka yi wannan aiki? A biranen Arewa na wancan zamani matar aure mai rufin asiri tana cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa balle filin lacca. Jam'iyyun biyu sai suka juya ga waɗanda babu mai hana su fita: zawarawa, da masu tuwon sayarwa, da dillalai, da mata masu zaman kansu waɗanda suke ƙarƙashin magajiya. Masana da suka zauna cikin Hausawa, kamar Abner Cohen a Sabon Ibadan, da Renée Pittin a Katsina, da Barbara Cooper a Maraɗi, duk sun lura da wannan, sun kuma lura cewa kalmar karuwa a bakin Bahaushe ta fi faɗi bisa ga yadda baƙo yake zato. Takan hau kan kowace baligar mace da ba ta ƙarƙashin miji ko uba, ko da kuwa da guminta take ci. Nan ne tarkon yake. Jam'iyya ta ɗauki matan da suke da ikon fita, ta ci moriyarsu, abokiyar hamayya kuma ta mai da fitar nan ta zama laifi. Kowace ta yi wa 'yar'uwarta haka, babu wadda hannunta yake da tsabta. Matar aure ba za ta fito ba don kada a kira ta da sunan, da yake kuwa ba ta fito ba, sai aka ce ga shi nan, ai sunan gaskiya ne, tun da waɗanda suka fito su ne su. Igiya ce wadda duk aka ja ta sai ta ƙara shaƙewa.

Kalmar magajiya ita kanta ta isa abin lura. A Daura sarauta ce babba ta gidan sarki, 'yar'uwar Iya ta wasu masarautu, da Inna ta Gobir, da Magira ta Barno. Waɗannan mata ne da ake kai musu ƙara, suke da fadawa, suke sa baki cikin sha'anin mulki. Amma cikin labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ana samun magajiya a matsayin shugabar karuwan gari. Kalma ɗaya ta ɗauki gadon sarauta da gidan mata gaba ɗaya, har ya zama duk macen da ta shugabanci mata a bainar jama'a, harshe ya riga ya tanadar mata suna mai fuska biyu, mai magana kuma ya zaɓi fuskar da ya ga dama ya nuna.

Babu wadda wannan abu ya faɗa wa kamar Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa domin ta biyo tagwaye. An yi mata aure tana da shekara goma sha uku, ta shiga NEPU tana da kamar goma sha bakwai, ta zama shugabar matan jam'iyyar. Ta tafi Abekuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan Egba suka yi wa harajin mata bore. Masu rubuta tarihinta sun ce sau goma sha shida aka ɗaure ta, an kore ta daga Kano, an yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe babban muƙami a jam'iyyar GNPP, ta rasu a 2001.

Abubuwan da ta nema sanannu ne, kuma kowane ɗayansu magana ce da za a iya zama a yi muhawara a kanta: ƙuri'a ga mata, hana aurar da yarinya ƙarama, karatun 'ya'ya mata, kawar da aikin tilas da harajin zalunci. Mai adawa da ita yana da abin da zai iya cewa. Yana iya kawo hujjar malamai a kan shekarun aure, ko ya ce baitulmalin En'e ba zai ɗauki makarantun 'yan mata ba. Da an yi haka, da an girmama ta, ko da an kayar da ita. Amma amsar da ta fi samu ita ce lissafin aurarrakinta, da tambayar inda take kwana, da tunin cewa ubanta baƙo ne. Aske kan nan ma, in an duba, zambo ne da aka yi da hannu maimakon baki. Namiji ɗan NEPU an ɗaure shi, an bulale shi, domin a karya masa zuciya. Ita kuwa an nufi gashin kanta, watau abin da al'ada ta ɗauka adon mace ne da mutuncinta, domin a nuna wa sauran mata abin da fita take jawowa.

Ga bambancin da ya kamata mai nazari ya riƙe. Idan mawaƙin jam'iyya ya tasa namiji a gaba, yakan zarge shi da rowa, ko tsoro, ko cin amana, ko zaluntar talaka, ko raina sarakuna da iyaye. Mawaƙan NPC sun jefi 'yan NEPU da rashin kunya da rashin addini, mawaƙan NEPU kuma sun jefi 'yan NPC da danniya da bautar Turawa. Zafi kam akwai, ƙarya ma akwai, amma galibin zargin yana da dangantaka da riƙon jama'a. Marowaci ko azzalumi lalle bai dace da mulki ba, mai sauraro kuma yana iya auna zargin da abin da ya sani. Zambon mace shi ne ba ya bi ta wannan hanya. Ba a cewa ta ci kuɗin jam'iyya ko ta yi ƙarya a lacca, sai a tsallake a tafi ga shimfiɗa, wurin da babu shaida, babu kuma hanyar kare kai. Wadda aka ce ta saci fam goma tana iya kawo rasit. Wadda aka ce ba ta da kamun kai, me za ta kawo?

Harshen ma yana taimakon mai zambo ta hanyar da ba a cika lura ba. A ce da mutum namijin duniya, an yabe shi. A ce da mace 'yar duniya, an gama da ita. Gogaggen ɗan siyasa mai hikima ne, amma gogaggiya sai an yi hattara da muryar da aka faɗe ta. Wanda idonsa ya buɗe wayayye ne, wadda idonta ya buɗe kuwa iyayen saurayi sukan yi shawara. Mafi muni duka ita ce kalmar ubangida. Siyasar Nijeriya, ta jiya da ta yau, a kan ubangida da yaransa take tafiya, babu ɗan takarar da ya hau ba tare da wani babba ya riƙe masa tsani ba, ba kuwa a ganin wannan abin kunya ga namiji. Amma ranar da aka ce wance yarinyar wane ce a siyasa, an riga an faɗi abin da ake so a faɗa, ba tare da an furta kalmar da alƙali zai kama ba. Haɗa wannan da al'adar jam'iyyu ta yin muhimmin taro da tsakar dare a gidan wani ko a masauki. Wadda ta je, an sami abin faɗa. Wadda ta ƙi zuwa, da safe ta tarar an raba muƙamai.

Mai karatu yana iya cewa wannan duk labarin zamanin 'yan doka ne. Abin ya sauya riga kawai. Aikin da mawaƙin lacca yake yi da, yanzu sojojin baka suke yinsa a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo, da masu rubutu ta waya a Facebook, inda hoto guda da aka yanke ya ishi a yi mako ana yayatawa. Manyan misalai kuwa daga saman tsani suka fito, ba daga ƙasa ba. A watan Oktoba 2016 Hajiya Aisha Buhari ta yi hira da sashen Hausa na BBC, ta ce wasu 'yan tsiraru sun kewaye gwamnatin mijinta, an bar waɗanda suka yi wahalar zaɓe, in kuwa abin bai gyaru ba mai yiwuwa ba za ta fita yaƙin neman zaɓen 2019 ba. Wannan magana ce ta siyasa tsantsa, tana da kai tana da gindi. Da aka tambayi Shugaba Muhammadu Buhari a Balin, yana tsaye kusa da Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, sai ya amsa da cewa wurin matarsa shi ne madafa da falo da ɗaya ɗakin. Mai magana da yawunsa ya ce raha ce. Ko raha ce ko ba raha ba, ta yi aikinta: ƙasa duka ta kwana tana dariyar ɗaya ɗakin, tambayar su wane ne suka kewaye gwamnati kuwa ta bi iska.

Na biyu ya fi wannan kusa da zambon 1950. A watan Yuli 2024, a zauren Majalisar Dattawa, shugaban majalisar Godswill Akpabio ya tsawata wa Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya saboda ta yi magana ba a ba ta izini ba, ya tuna mata cewa nan ba gidan rawar dare ba ne. Daga baya ya nemi gafara. Tsawatarwar tana iya zama daidai bisa ga dokar zaure, gama sanatoci maza ma ana katse su kullum. Abin dubawa shi ne wurin da hannu ya kai sa'ad da aka laluba neman misali. Ba a kwatanta ta da mai gardama a kasuwa ko a tasha ba, sai da gidan dare. A watan Fabrairu 2025 rikici ya tashi a kan sauya mata kujera, ta zargi shugaban majalisar da neman ta da lalata, shi kuma ya musanta. Ran 6 ga Maris aka dakatar da ita wata shida bisa laifin saɓa dokokin majalisa, a watan Yuli kuma Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar ta yi tsawo ƙwarai. Gaskiyar zargin ba aikin wannan takarda ba ne. Abin da ya shafe ta shi ne cewa cikin watannin nan an ɓata tawada mai yawa a kan kyawun matar, da tufafinta, da tarihin aurenta, kaɗan ne suka tsaya a kan mutanen mazaɓarta da suka zauna rabin shekara ba su da murya a majalisa.

Kada a fahimci wannan da cewa mace 'yar siyasa ta fi ƙarfin suka. Labarin Patricia Etteh ya nuna inda iyakar take. Ita ce mace ta farko da ta zama shugabar Majalisar Wakilai, a watan Yuni 2007, ta kuma sauka a ƙarshen Oktoba na wannan shekara saboda ƙorafin kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidanta na hukuma da na mataimakinta da sayen motoci. Tambayar kwangila halal ce, wajibin jarida ne ta yi ta. Amma an yi ta maimaita cewa ai dama mai gyaran gashi ce, kamar sana'ar ita ce laifin, aka kuma ji masu cewa ga abin da ba mace shugabanci yake haifarwa. Shekara takwas kafin nan, a 1999, Salisu Buhari na Kano ya sauka daga wannan kujera ɗin saboda takardar jami'a ta jabu da ƙaryar shekarun haihuwa. Ba a ji wanda ya ce an gwada maza sun kāsa ba. Laifinsa nasa ne shi kaɗai, nata kuwa aka raba wa mata duka.

Yanzu sai a juya ga yabo, wanda ya fi wuyar kamawa domin da fara'a yake zuwa. Yabon mace 'yar siyasa a Hausa ƙofa biyu gare shi. Ta farko ita ce uwa. Sanata Aisha Jummai Alhassan lauya ce, ta riƙe muƙamin babbar lauyar gwamnatin Taraba, ta yi babbar magatakardar Babbar Kotun Abuja, ta wakilci Taraba ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 2011, ta tsaya takarar gwamna a 2015. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ba ta nasara a watan Nuwamba na shekarar, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da Darius Ishaku a 2016. Duk wannan, sunan da ya bi ta har ta rasu a 2021 shi ne Mama Taraba. Ita da kanta ta karɓi sunan, ya kuwa yi mata amfani, gama uwa ba a zaginta, kuma garkuwa ce mai kyau daga wancan sunan da aka ambata a baya. Sai dai garkuwar tana da nauyi. Abin da ake nema wurin uwa shi ne tausayi da kyauta, a ba marayu, a raba atamfa da shinkafa. Ba a zuwa wurin uwa a tambaye ta yadda za ta tsara kasafin kuɗi, ko me za ta yi da rikicin manoma da makiyaya a tsaunin Mambila. Wanda ya kira ta Mama ya ɗaga ta sama da zagi, ya kuma ɗaga ta sama da tambaya, mai neman mulki kuwa da ba a yi masa tambaya ba a ɗauke shi da gaske ba.

Ƙofa ta biyu ita ce a ce mace mai kamar maza. Mai faɗin haka yana zaton ya kai matuƙar girmamawa, alhali ya ce jaruntaka da basira kayan maza ne, wannan kuwa aro ta yi. Yabo ne da yake ɗaga mace ɗaya ta hanyar danne sauran. Haka aka yi wa Gambo Sawaba bayan ta tsufa, tsoron da ake ji nata ya wuce. An sa sunanta a babban asibiti a Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero, kowace shekara kuma ana tunawa da ita. Amma a duba abin da ake tunawa. Kusan kowane rubutu yakan buɗe da ɗauri goma sha shida, ya bi da duka da tabon da ke jikinta, ya rufe da cewa jaruma ce. Maƙiyanta sun tsaya a jikinta don su ƙasƙantar da ita, masoyanta ma a jikin suka tsaya don su ɗaukaka ta. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mudi Sipikin suna nan a rubuce, ana karantar da su, ana fashin baƙinsu baiti baiti. Jawaban Malam Aminu Kano ana kawo su hujja. Matar da ta shekara fiye da talatin tana hawa teburin lacca da Hausa, yawancin ɗalibai sun san adadin ɗaurinta, ba su san yadda take gina hujja ba. Littafin da Rima Shawulu ya rubuta a kan rayuwarta a 1990 ma da Turanci ne, watau ko kalmomin nata da suka tsira sun tsira ne cikin rigar aro.

Akwai hujja guda da ba ta cikin zambo, ya kuma kamata a ba ta haƙƙinta, ita ce ta addini. Sa'ad da Sanata Aishatu Dahiru Binani ta kayar da maza, har da Nuhu Ribadu, a zaɓen fid da gwani na APC a 2022, ta tsaya takarar gwamnan Adamawa a 2023, an ta da maganar hadisin nan na mutanen Farisa da suka naɗa 'yar sarkinsu. Malamai sun rabu, wasu suka ce ya hana mace kowane shugabanci na gaba ɗaya, wasu suka ce gwamna mai majalisa da kotu da tsarin mulki a kansa ba shi ne shugaban da ake nufi ba. Saɓanin kuwa tsoho ne, tun da Imam Abu Hanifa ya yarda mace ta yi alƙalanci a abin da shaidarta take karɓuwa. Wannan muhawara ce ta ilimi, mai riƙe da kowane gefe ana iya amsa masa da nassi. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya fara da hadisi ya ƙare da ƙazafi, alhali addinin da ya fake da shi ya sa bulala tamanin a kan wanda ya jefi kamilar mace bai kawo shaidu huɗu ba. A ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis ta aika su ƙauyuka karantar da mata tun ƙarni na goma sha tara, wannan ba baƙon ilimi ba ne. Ita Binani kuma akwai abin tambayarta na gaskiya: ran 16 ga Afrilu 2023 kwamishinan zaɓe na jihar ya ayyana ta ana tsakiyar tattara sakamako, ba shi ne kuwa doka ta ba wannan aiki ba, ita kuma ta yi jawabin karɓa kafin hukumar zaɓe ta soke sanarwar. A nan ne mai suka ya kamata ya kafa ƙafarsa.

Ƙetaren iyaka yana da abin koyarwa, gama harshe ɗaya ne, al'ada ɗaya. Matan Maraɗi da Damagaram sun sami ƙuri'a da dokar Faransa ta 1956, shekara ashirin kafin 'yan'uwansu na Katsina da Daura, amma sunan nan bai bar su ba, kamar yadda Cooper ta nuna. Abin da ya motsa shi ne fitowar mata da yawa lokaci guda. Ran 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka yi jerin gwano domin an sa mace ɗaya tak a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka yi dokar kaso wadda ta ware kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, da 25 a 2019, kafin juyin mulkin 2023 ya rushe majalisar. Zambo makami ne na jifan mutum ɗaya. Yana da sauƙi a ɓata mace guda a zaure, amma ba a yi wa mata arba'in ƙazafi ɗaya a yarda. A Nijeriya kuwa ran 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da na ware musu kujeru da na ba matar aure 'yancin zama 'yar jihar mijinta, zaɓen 2023 kuma ya ba da mata huɗu cikin sanatoci 109, ta huɗun ma sai da kotu.

Doka a kan baki tana nan tun da daɗewa. Dokar Zaɓe ta 2022, kamar wadda ta gabace ta, ta hana zagi da ɓatanci a yaƙin neman zaɓe. Amma habaici ya fi doka wayo, kamar yadda aka gani ga kalmar ubangida, alƙali ba ya ɗaure murya. Wanda yake iya kama shi shi ne edita da mai gabatar da shiri, gama su Hausawa ne, sun san abin da ake nufi tun kafin a rufe baki. Ma'aunin kuwa ba shi da wuya: a ɗauki jimlar, a sa sunan namiji a wurin na macen. In ta tsaya da ƙafarta, kamar tambayar kwangila ko ta sanarwar zaɓe, a buga. In ta zama abin dariya, kamar a tambayi gwamna wa yake dafa wa 'ya'yansa abinci ko matarsa ta ba shi izinin takara, to ba labari ba ce. Ma'aunin nan yana kama yabo kamar yadda yake kama zambo, gama wanda ya buga labarin ɗan takara namiji bai ambaci komai ba sai tausayinsa da kyawun rawaninsa, edita zai mayar masa da takardarsa.

Sassan nazarin Hausa kuma suna da nasu rabo. An tattara waƙoƙin siyasa na NEPU da NPC da na PRP da NPN, an yi digiri a kansu, amma kusan duka muryar maza ce. Waƙoƙin da matan jam'iyyu suke yi da kiɗan ƙwarya a wurin taro, da laccocin shugabannin mata, da amsoshin da suka ba alƙalai, ba su sami irin wannan kula ba. Takardun shari'a na En'e da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da abin da aka adana a Gidan Arewa da Gidan Mambayya a Kano, su ne wuraren fara nema. Matan da suka jefa ƙuri'ar farko a 1976 suna da shekara ashirin da 'yan kai, yanzu sun kai saba'in ko sun haura, waɗanda suka ji Gambo da kunnensu a filin lacca kafin 1966 kuwa sun fi haka tsufa.